Sarfun Sinadarai: Nasiha Ga Mai Shirin Jarrabawa

Daga Tiga da Kiru da Bebeji, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, akwai 'ya'yan manoma da ke karatun likita ko haɗa magunguna a Jami'ar Bayero ta Kano, ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Kowanensu sai ya ƙetare jarrabawar oganik kemistiri, watau ilmin sinadaran da aka gina bisa kabon. Wanda ya faɗi sai ya maimaita, alhali kuwa mahaifinsa hatsi ya sayar ya biya masa kuɗin makaranta.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne hadda ba tare da fahimta ba. Waɗannan sinadarai sun kai miliyoyi, babu ƙwaƙwalwar da za ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

To, maganin wannan yana nan cikin ilmin sarfu. Mai koyon Larabci ba ya haddace ƙamus. Asalin kalma da awonta yake riƙewa. In ya san kataba, sai ya fitar da katib da maktub da maktab. Haka sunayen sinadarai suke. Farkon suna yana nuna yawan kabon: met 1, et 2, furof 3, but 4. Ƙarshensa kuwa yana nuna dangi. Saboda haka etan da etin da etanol duk kabon 2 gare su, amma na farko ɗauri guda ne tsakanin kabon ɗinsa, na biyu ɗauri biyu, na uku kuwa yana ɗauke da oksijin da haidirojin a gefe. Kowane kabon hannu 4 gare shi. Duk zanen da ya ba shi 5, kuskure ne.

Bayan suna sai hali. 'Yan dangi ɗaya halinsu ɗaya ne, don haka ɗalibi ya karanta su dangi dangi, ya kuma nemi misali a gida. Matar da ke dafa mai da ruwan toka ta sami sabulun salo, aikin da ke cikin littafinsa take yi: mai dangin esta ne, ruwan toka ya tsinka shi, sabulu da gilisarin su fito.

Game da shiri kuwa, awa guda kullum ta fi kwana uku ba barci. Ya riƙa zanawa da hannunsa, littafi a rufe, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sake rubutawa. Ya nemi tambayoyin shekarun baya ya amsa su yana duban agogo. Sa'an nan ya koya wa abokinsa, domin inda ya kasa bayani, nan ne bai gane ba.

Allah Ya ba da sa'a, amin.