Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Cikin Ƙwayar Halitta?

Wata mai sauraronmu daga Damagaram ta aiko da tambaya: mece ce ƙwayar halitta, kuma me ya haɗa ta da cutar sikila?

Malama, mun gode ƙwarai. Jikin mutum, da na dabba, da na tsiro, duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani sai da madubin likita. Robert Hooke na Ingila ne ya fara bayyana su a 1665. Kowace ƙwaya tana da siririyar fata mai tace abin da zai shiga da wanda zai fita. A cikin yawancin ire-irensu akwai cibiya mai ɗauke da DNA, kuma a jikin ɗan Adam an shirya shi cikin kuromosom 46, rabi daga uwa, rabi daga uba. Akwai kuma mitokondiriya, masu ƙona sukari da iskar oksijin don samar da ƙarfi.

Jajayen ƙwayoyin jini kuwa a ɓargo ake yin su, kuma sukan yi kwana 120 suna kai oksijin ko'ina a jiki. Idan yaro ya gaji sikila daga iyayensa biyu, ƙwayoyin sukan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyin jini, su mutu da wuri. Daga nan ne ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke tasowa. Don Allah, a yi gwajin jini kafin aure.