Yadda ake daidaita kamfanonin kwatanci kafin a yanke farashin cikin gida

Idan kamfani a Amurka ya sayar wa reshensa na wata ƙasa kaya, babu ciniki na gaskiya a tsakaninsu, domin mai saye da mai sayarwa 'yan gida ɗaya ne. Shi ya sa sashe na 482 na dokar harajin Amurka ya ba hukumar IRS, mai hedikwata a titin Constitution da ke Washington, ikon gyara farashin ya yi daidai da na bare da bare. Aikinmu a ofisoshin akanta na wannan yanki shi ne nemo irin waɗannan bare don kwatanci, wato kamfanoni masu zaman kansu da ke irin sana'ar reshen.

Tacewar farko ba ta da wuya. A zubar da wanda wani ya mallake shi, da wanda aikinsa ya sha bamban, da mai shahararren suna da ke jawo masa riba ta daban. Matasan da suka gama karatun tattalin arziki ake ba wannan, su kwana suna karanta rahoton shekara-shekara, kuma a nan ido ke buɗewa.

Gwanintar tana wajen bashi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ya san farashin kuɗi hannu daban yake da na bashin wata uku. To, a ce kamfanin kwatanci yana jiran kuɗinsa kwana 90, reshen da muke bincike kuwa kwana 30. Tazarar kwana 60 ce. Idan kuɗin ruwan banki kashi 8 cikin ɗari ne a shekara, kwanakin nan sun kai kusan kashi 1.3 na cinikinsa. Wannan ladan jira ne da ya ɓuya cikin farashi, sai a cire shi: ribar kashi 5 ta koma kusan 3.7. Kayan da suka daɗe a sito ma ragewa ake yi. Amma bashin da ake bin kamfanin kansa, ƙarawa ake yi, don an riga an tsawwala masa farashin saye saboda jinkirin biya. A nan sabon hannu ke juya lissafi, ya rage inda ya kamata ya ƙara. Gogagge kuma ba ya yarda da adadin ranar rufe littafi kaɗai, yakan haɗa na farkon shekara da na ƙarshenta ya raba biyu. Ina jin daɗin ganin kamfanonin da ribarsu ta watse sun matso kusa da juna bayan gyara.

A ganina, gyaran da ba ka iya kare shi da hujja gara ka bar shi, kuma ƙa'idojin sashe na 482 na 1994 ma gyaran da ke ƙara ingancin sakamako suke nema. Bayan gyara sai a jera ribar, a yar da rubu'in sama da na ƙasa. Reshen da ya faɗo waje, galibi tsakiya IRS ke mayar da shi.

Ga misalin irin wannan kwatanci: a Nuwamban 2020, a Kotun Haraji da ke Washington, alƙali Albert Lauber ya amince da kwatanta rassan Coca-Cola da kamfanonin ɗura lemo masu zaman kansu. Ƙarin harajin da IRS ta nema na shekarun 2007 zuwa 2009 ya haura dala biliyan 3.