Renon Sarauniyar Ƙudan Zuma

Babu wanda bai taɓa ganin amya a bisa ɗorawa ko kuka ba a cikinmu, kuma kowa ya ji ana cewa ƙudan zuma suna da sarki. Mutanen Turai ma haka suka ɗauka shekaru masu yawa, har wani Bature na Ingila, Charles Butler, ya rubuta littafi a 1609 ya ce ai sarkin nan mace ce. Bayansa wani masani na ƙasar Holan, Jan Swammerdam, ya feɗe ta ya ga mahaifar ƙwai a cikinta, gardama ta ƙare. Ashe uwa ce. In abinci ya yalwata ta kan saka ƙwai 1,500 ko fiye a rana guda, duk taron da ke cikin amya kuwa 'ya'yanta ne. Ma'aikata su kan mutu cikin mako 6 lokacin aiki, ita kuwa ta kan kai shekara 2 ko 3 tana haihuwa sosai. Saboda haka halin amya duka daga wurinta ya ke fitowa.

To, ku dubi yadda mu ke kiwo. Mutum ya saƙa amya, ya shafe ta da kashin shanu, ya turara ta, ya hau itace ya ɗaura, sa'an nan ya koma gida yana jiran abin da Allah zai kawo. In masu faɗa suka shiga, nasa ne. In masu saurin tashi ne, waɗanda da an taɓa su sai su watsar da gida, nasa ne. Amma manomin nan da kansa ba ya shuka gero sai ya zaɓi zangarniya mafi kyau ya ajiye iri. Me ya hana a yi wa zuma haka?

Kada wani ya ce iri ƙaramin abu ne. A 1956 wani masani, Warwick Kerr, ya ɗauki sarauniyoyi daga Afirka ya kai ƙasar Barazil don gwaji. A 1957 guda 26 suka kuɓuce da jama'arsu suka shiga daji. Zuriyarsu ta bazu, da zafin ranta da ƙwazonta, har ta kai jihar Tekzas ta Amurka a 1990. Ku ga abin da 'yan uwaye kaɗan suka jawo.

Abin mamaki a nan shi ne, ƙwan da ke zama sarauniya da wanda ke zama ma'aikaciya duk ɗaya ne. Ƙwai ya kan yi kwana 3 ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsa ta fito. Ma'aikata ƙanana suna fid da wani farin abinci daga kawunansu, mai kama da kindirmo, mu kira shi madarar sarauta. Kowace tsutsa ana ba ta irinsa da fari, amma bayan kamar kwana 3 sai a sauya wa talakawa, a gauraya musu da zuma da garin fure. Wadda za a naɗa kuwa ba a yanke mata, har ta yi iyo a ciki. Ɗakinta ma dabam ne, babba, yana reto kansa ƙasa, kamar kwanson gyaɗa. Ga lissafin kwanakin tun daga ranar da aka saka ƙwai: sarauniya 16, ma'aikaciya 21, namiji 24. Wannan lissafin ƙudan Turai ne, namu na Afirka su kan riga su da kwana ɗaya ko biyu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

In amya ta rasa uwa, ƙanshinta ya ɓace, cikin 'yan sa'o'i jama'a za su farga, su zaɓi waɗansu tsutsotsi su faɗaɗa musu ɗaki, su yi ta ɗura musu madara. A kan wannan hali aka gina dabarar duka. Mai kiwo ba ya yin sarauniya, ƙudan ke yi. Aikinsa uku ne: ya zaɓi uwa, ya zaɓi lokaci, ya ƙidaya kwanaki.

Sharaɗi na fari shi ne amyar da a ke iya buɗewa a ciro saƙa ɗaya ɗaya ba a ɓarke ta ba. Amyar ciyawa ba ta yin wannan. A 1851 wani limamin Kirista na Amurka, Langstroth, ya gane cewa in aka bar fili kamar sulusin inci tsakanin katakai, ƙudan ba su liƙe shi, ba su kuma yin gini a ciki. Daga nan aka sami amyar akwati. Akwai kuma mai sauƙin kuɗi da a ke kira amyar Kenya, mai kama da komi, an jera sanduna a bakinta, kowace sanda da saƙarta. Kafinta na gari zai iya yin ta. Lokacin aikin kuwa shi ne sa'ad da mangwaro da kaɗanya da ɗorawa ke fure, ga abinci, ga maza da yawa a amya. In babu maza, wahala ce kawai.

Hanya ta farko ita ce ta mai koyo. Ka dubi amyoyinka ka zaɓi wadda ta fi tara zuma, ba ta cika faɗa ba, ba ta kuma taɓa tashi ba. Ka ɗauke uwar da saƙa biyu ko uku da ƙudansu, ka sa su a ƙaramar amya can nesa. Ka tabbata ka bar wa marayun saƙa mai ƙwai da tsutsotsi ƙanana. A rana ta 4 ka buɗe. Duk ɗakin sarauta da ka tarar an riga an rufe bakinsa, ka rushe shi, domin da tsutsa mai kwanaki aka fara shi, wadda ta riga ta ɗanɗani abincin talakawa, ba za ta yi ƙarko ba. Ka bar waɗanda ke buɗe. A rana ta 9 ka yanko ɗakunan da wuƙa mai kaifi, kowane da ɗan guntun saƙa, ka bar guda a gidan, sauran ka raba wa ƙananan amyoyin da ka shirya, kowace da ƙudanta da zumarta, ba uwa.

Hanya ta biyu ta gwanaye ce, G. M. Doolittle na jihar Niyok ya bayyana ta a littafinsa na 1889, har yau kuwa ita masu sayar da sarauniyoyi suka fi bi. Ya kan fiƙe ɗan itace ya mulmule kansa, ya jiƙa shi, ya tsoma cikin narkakken kaki sau da yawa, ya zare, sai ga ɗan ƙoƙo. A manna ƙoƙuna 10 ko 15 a jikin sanda, a ɗauko tsutsar da ba ta wuce kwana ɗaya ba daga saƙar uwar da aka zaɓa, da ɗan tsinke mai faɗin baki, a kwantar da ita a ƙoƙo yadda aka same ta, kada a juya ta. Ƙanƙantarta ta kai waƙafi a rubutu, sai mai ido da sanyin hannu. A yi aikin a inuwa da hanzari, don iskar hunturu ta kan busar da ita nan da nan. Sa'an nan a rataya sandar, bakin ƙoƙuna ƙasa, cikin amya mai ƙarfi wadda aka raba da uwarta tun jiya. Kashegari za a ga waɗanda aka karɓa, an fara ja musu baki da sabon kaki. Littattafan Turawa sun ce a kwashe a rana ta 10, mu dai mu kwashe a ta 9.

Dalilin wannan ƙidaya, sarki biyu ba su zama gari ɗaya. Wadda ta fara fitowa za ta bi ɗakunan 'yan'uwanta ta huda, ta harbe su tun suna ciki. Makarar kwana guda sai ta mai da goma ɗaya. In za a ɗauki ɗaki kuma, kada a girgiza shi, kada a kifar da shi, kada a bar shi a rana.

Saura aure. François Huber, wani makaho masani na Jeniba, wanda ya yi bincike da idon baransa, shi ya nuna a 1792 cewa ba a cikin amya a ke yin barbara ba, a sama a ke yi. Budurwar ta kan yi kamar mako guda, sa'an nan ta fita da rana, ta sadu da maza 10 ko fiye, ta ajiye irinsu a jikinta wanda zai ishe ta har mutuwa. Kada a dame ta a kwanakin nan. Bayan mako 2 ko 3 a duba, in an ga ƙwai a jere, ɗaya ɗaya a gindin kowane rami, to, bukata ta biya. Wata ba ta komowa, tsuntsu ya cafke ta a hanya, shi ya sa a ke renon fiye da abin da a ke bukata. A tsare ƙananan amyoyi daga tururuwa da ƙadangare, don ba su da mayaƙa.

Ku lura, uwa mu ke zaɓa, uba kuwa na daji ne. Don haka gyaran iri ba aikin shekara ɗaya ba ne, kuma ya fi sauri in masu kiwo na gari guda suka haɗa kai. Lalle a ajiye littafi, a rubuta ranar kowane aiki da halin kowace amya.

Mu da za a raba mu makarantun ƙauye, amyar Kenya biyu a bayan lambun makaranta sun isa a nuna wa yara wannan duka da idonsu, su kai labari ga iyayensu. Mu ma akwai abin da za mu tsinta. Tsutsa ɗaya ce, abinci da ɗaki da kulawar kwanakin farko su suka raba, in kwanakin suka wuce kuwa ba su komowa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon lura da 'yan aji ɗaya. Amin.