Darasi Domin Ƙungiyoyin Manoma: Yadda Za Mu Wuce Hunturu da Itace Kaɗan

Wannan darasi na karantawa ne a taron ƙungiya. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, a riƙa dakatawa a ƙarshen kowane kashi domin kowa ya faɗi abin da ya sani. Yana da kyau mata su kasance a wurin, gama su ne suka fi sanin wahalar itace.

1. Abin da sanyi yake ci mana

Kowace shekara, da an gama kai amfanin gona gida, sai iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, ta iso mana da ƙura. Takan fara wajen ƙarshen Nuwamba, ta fi tsanani a Disamba da Janairu. A ƙasar Kano da Zariya ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba. A Jos, wadda take kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, wani dare yakan sauka zuwa digiri 10 ko ƙasa da haka. Tsaunin Mambila ya fi Jos tsayi, sanyinsa kuma ya fi. Dalili kuwa, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska yana raguwa da kimanin digiri 6.

Bari mu yi lissafi. A ce gida yana ƙona dami ɗaya na itace kowane dare domin jin ɗumi kawai, ban da na girki. Daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu dare 90 ne, watau dami 90. Kowa ya sa kuɗin dami ɗaya a kasuwarsu, ya ga mudu nawa na masara zai sayar kafin ya biya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin dako ya hau, mutanen gari da yawa kuma suka koma ga gawayi, sai itace ya ƙara daraja har a ƙauye. Wanda ba ya saye ma yana biya, da ƙafar matarsa da ta 'ya'yansa, da kuma itatuwan gonarsa.

Abu ɗaya muke so kowa ya tafi gida da shi: riƙe ɗumin da muke da shi ya fi hura sabuwar wuta arha. Jikin mutum kansa murhu ne, abinci ne itacensa. Rana ma tana ɗumama mana bango kyauta. Aikinmu shi ne mu hana wannan ɗumi gudu.

2. Ta ina ɗumi yake gudu?

Ta hanya uku: ta rufi, ta ƙofofin iska, da ta ƙasa.

Rufi. Iska mai ɗumi sama take tashi. Jinka mai kauri da soron ƙasa suna riƙe ta, amma kwano ba ya riƙe kome. Da rana ya ɗauki zafi, da dare ya sake shi duka. Shi ya sa tsofaffi sukan ce ɗakin ciyawa ya fi daɗin kwana da hunturu, kuma gaskiyarsu ne. Mai ɗakin kwano ya yi masa rufin ciki. Ba lalle sai na katako ba. Zana, ko asabari, ko kwali da aka shimfiɗa a kan sanduna ƙarƙashin kwanon, duk suna aiki. Wannan rufin zai kuma rage zafi da bazara. Sai dai kada a yi shi kusa da fitila ko wayar lantarki da ta goge.

Ƙofofin iska. Da rana a shiga ɗaki, a rufe ƙofa, a duba inda haske yake shigowa. Duk inda haske ya bi, iska ma tana bi. A yaɓe tsagar bango da laka, a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a rataya buhu ko tsohon bargo a bayan taga. A fi kula da gefen arewa da gabas, inda iskar take bugowa. Dangar kara ko zana a wannan gefe tana karya ƙarfin iska tun ba ta kai bango ba. Da hantsi a buɗe ɗaki rana ta shiga, a shanya kayan kwanciya, a rufe tun da la'asar kafin sanyi ya sauko.

Ƙasa. Daɓen siminti yana shan ɗumin jiki kamar yadda yashi yake shan ruwa. Yaron da ya kwana a kan tabarma ɗaya bisa siminti zai ji sanyi ko an lulluɓe shi da bargo biyu. Abin da ke ƙarƙashin mutum yana da amfani kamar abin da ke bisansa. A shimfiɗa kwali, ko buhun da aka cika da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, sa'an nan a ɗora tabarma.

3. A ɗumama mutum, ba ɗaki ba

Riga biyu ko uku marasa kauri sun fi riga ɗaya mai kauri, domin iskar da ke tsakaninsu ita ce take tare sanyi. A sa hula da safa lokacin kwanciya, musamman yara da tsofaffi. Kada kowa ya kwanta da tufafi masu laima.

A ci abincin dare da zafinsa. Kunu ko koko da asuba yana taimakon yara kafin su tafi makaranta. Idan an sauke tukunya, a sa dutse mai laushin baki ko bulo a bakin murhu ya yi ɗumi, a naɗe shi da tsumma mai kauri, a ajiye wajen ƙafafun babba. Kada a ɗauko dutse daga rafi, gama ruwan da ke cikinsa yakan sa ya fashe a wuta. Kada kuma a sa wa jariri.

Waɗansu suna cewa burkutu yana maganin sanyi. Ba haka ba ne. Giya tana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya ji kamar ya yi ɗumi, alhali kuwa ɗumin cikinsa ne yake fita. Wanda ya bugu ya kwana a waje da hunturu yana cikin hatsari.

4. Wutar girki ta yi aiki biyu

Murhun duwatsu uku a fili yana ɓarna ƙwarai. Yawancin zafin yana bin iska, kaɗan ne yake shiga tukunya. Murhun laka mai kewaye da tukunya, mai ƙofa ɗaya ta sa itace, yana rage wannan hasara, kuma da ƙasar gini da ciyawa ake yinsa. Ɗanyen itace kuwa kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wutar sai ta fara ƙona ruwan kafin ta ba da zafi, ga hayaƙi. A faskara itace tun da wuri, a jera shi ya bushe. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. Idan wake ko shinkafa ta tafasa sosai, a sauke tukunyar a rufe, a sa ta cikin kwandon da aka cika da tsummoki ko ciyawa, a lulluɓe. Za ta ƙarasa nuna da zafinta.

Totuwar masara da karan dawa suna ci da kyau. Amma wanda ya kwashe karan gonarsa duka, ko yake ƙona kashin shanu, takin baɗi ne yake ƙonawa. Manoman Maraɗi a Nijar sun nuna wata hanya. Tun daga 1983, tare da wani ma'aikaci mai suna Tony Rinaudo, suka fara barin tohon kututture a gona. Su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su sare sauran. Da haka miliyoyin itatuwa suka komo gonaki, ana samun itacen girki daga sassabe ba tare da an kashe bishiya ba.

5. Inda tsimi yake zama hasara

Ga kashin da ya fi kowane nauyi. A karanta shi sau biyu.

Kada a kwana da gawayi ko garwashi a ɗaki rufaffe. Gawayi yana fitar da wata iskar guba da masana suke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iska mai kyau har sau 200 da ɗoriya. Mutum yana barci, ba zai farka ba. Ku lura, ɗakin da muka toshe bisa ga kashi na 2 ya fi hatsari idan aka shigar da wuta. Saboda haka a zaɓi ɗaya: ko ɗaki a toshe babu wuta, ko wuta da taga a buɗe da mutum a farke. Haka nan janareta, a waje ake ajiye shi, nesa da taga. Alamun wannan guba su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, sau da yawa ga dukan mutanen ɗakin a lokaci ɗaya. A buɗe ƙofa, a fitar da su waje nan da nan, a kai su asibiti. Kada a ɓata lokaci wajen ɗura musu manja ko madara.

Gobara ma ta fi yawa da hunturu, gama kome ya bushe, ga iska. A kashe wuta sarai kafin a kwanta. Kada a bar ƙananan yara su kaɗai suna jin ɗumi.

Akwai kuma waɗanda ba a yin tsimi a kansu: jariri, tsoho da mara lafiya. Jariri yana rasa ɗumi da sauri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a yi wa sabon haihuwa wanka sai bayan awa 24. A goge shi, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare ba tare da an rufe fuskarsa ba. Daga baya a riƙa yi masa wanka da hantsi, ba da asuba ba.

Hayaƙi da ƙura suna buɗe wa ciwon haƙarƙari hanya, watau nimoniya. Idan yaro yana tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Wanda bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, numfashi 50. Daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Idan ya kai haka, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, a tafi asibiti a ranar. Rigakafi ya fi magani, amma idan ciwo ya zo, jinkiri ya fi kuɗin mota tsada.

6. Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiya tana iya haɗa kuɗi tun watan Oktoba ta sayi dilar gwanjo ta barguna da rigunan sanyi kafin su yi tsada, a raba. Tana iya sa ranar gayya domin yaɓe da yin rufin ciki, a fara da ɗakunan gwauraye da tsofaffi. Mata biyu su koyi ginin murhun laka, su koya wa sauran.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Dami nawa gidanka ya ƙona a hunturun bara? Mudu nawa na hatsi ke nan?
2. A cikin hanyoyi uku na kashi na 2, wacce ce ta fi damun ɗakinka?
3. Don me ɗakin da aka toshe ya fi hatsari idan akwai gawayi a ciki?
4. Su wane ne a ƙauyenmu suke kwana su kaɗai ba isasshen mayafi? Wa zai duba su a wannan mako?

Magatakarda ya rubuta abin da aka shirya, da sunan wanda zai yi, da ranar da za a yi. A taro na gaba a fara da jin abin da aka aikata.