Mai gadin injin Kainji

A shekarar 1976 aka ja wayar lantarki daga madatsar ruwa ta Kainji, a Najeriya, ta bi ta Birnin Kebbi har Yamai. A Kainji, ruwan kogin Kwara ne yake juya manyan injuna, su kuma su ba da wuta.

Da damina iska takan kayar da itace bisa layi, wayoyi biyu su haɗu. Nan take wuta sai ta kwararo fiye da kima, wayar da ke naɗe cikin inji ta ɗauki zafi. Idan wutar ta ninka sau 2, zafin yana ninka sau 4. Idan ta ninka sau 3, zafin sau 9 ne.

Shi ya sa kowane inji yake da mai gadi, wata ƙaramar na'ura da ake kira rele. Dare da rana yana auna wuta. Ma'aikata suna saita masa abu biyu: iyakar wutar da zai bari ta wuce, da lokacin da zai jira kafin ya sa a yanke ta.

Wannan saiti yana da wuya. Idan rele ya cika gaggawa, garuruwa su shiga duhu a banza, har da asibitoci. Idan ya makara, inji ya ƙone. Saboda haka relen da ke kusa da ɓarnar shi ke fara yankewa. Na injin sai ya ɗan dakata. In wancan ya kasa, sannan ya yanke.

Tambayoyi
1. Idan wuta ta ninka sau 5, sau nawa zafi zai ninka?
2. Don me relen inji yake dakatawa?