Ina ruwan motar Tebaram yake tafiya?

A tsakiyar bazara aka shigo da ita gareji a Tawa: tsohuwar Land Cruiser buɗaɗɗiya, irin wadda ke kwasar buhunan hatsi, awaki da fasinja tsakanin birni da Tebaram. Injinta 1HZ ne, mai silinda 6 da lita 4.2, wanda Toyota ta fara fitarwa a 1990, kuma har yau direbobin Adar ba su yarda da wani kamarsa ba. Kukan mai ita ɗaya ne: mota tana shan ruwa. Kullum da safe sai yaron mota ya ƙara, amma ko ɗigo ba a taɓa gani a ƙasa ba. Har an riga an yanke masa hukunci a tasha cewa kulas, wato kan inji, ce ta tafi, ya nemi kuɗi.

Bakaniken garejin bai taɓa kulas ba a ranar. Buɗe kan inji aiki ne mai tsada, kuma sau da yawa ana buɗewa a tarar da shi lafiya lau.

Ya fara da abin da ba ya cin ko dala. Ya zaro sandar mai: baƙi ne wuluk, babu kalar kunun madara da ke nuna ruwa ya shiga. Ya buɗe marfin radiyata, wadda mutanen Nijeriya ke ce wa lagireto, tun inji na sanyi, aka tayar, ya tsaya yana kallon bakin ko kumfa zai riƙa tasowa. Shiru. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Ya shafa ƙarƙashin famfon ruwa, inda ɗan ramin nan yake da ke fara hawaye idan famfo ya gaji, ya ɗaga tabarmar ƙafar fasinja saboda bututun ɗumama ɗaki da ke bi ta nan. Ko'ina a bushe.

Daga nan ya dubi marfin radiyatar shi kansa, wanda mutane ke rainawa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, amma marfi mai lafiya yana riƙe matsi wajen bar 0.9, abin da ke ɗaga tafasar zuwa kusan 120. Idan robarsa ta mutu, mota mai kaya tana fama da rairayi a zafin da ya haura digiri 40 za ta riƙa amayar da ruwa ta bututun rara tana cikin tafiya, ba wanda zai gani. Na wannan motar ya tsufa, an canza shi, amma ba shi ne ɓarawon ba.

Famfon gwaji ne ya tona asiri. Ana ɗaura shi a bakin radiyata, a hura iska daidai adadin da ke rubuce a kan marfi, inji a kashe, a zuba wa allura ido. Allurar ta riƙa sauka a hankali. Da tocila da ɓallen madubi bakaniken ya leƙa gefen inji, ƙarƙashin bututun hayaƙi, sai ga wani layi ja-ja, tsatsa gauraye da farin gishiri, ya gangaro daga ɗaya daga cikin 'yan faifan ƙarfen nan masu kama da kwandala da ke toshe ramukan jikin inji. A tsakiyarsa, huda kamar ta allura, ruwa na tsattsafowa. In mota na aiki, wurin ya yi zafin da ɗigon ke ƙonewa kafin ya kai ƙasa.

Tsatsa ce ta ci shi daga ciki, kuma ba a rasa dalili ba. Shekara da shekaru ruwan rijiya motar ke sha, wani lokaci ma na tabki. Irin wannan ruwa yana barin ƙanzo a cikin radiyata, yana cin ƙarfe. Ruwan sanyaya inji na galan, kore ko ja, ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. Akwai maganin tsatsa a ciki. Sai dai guba ne mai zaƙi, kada a zubar da tsohonsa inda yara ko awaki za su kai baki. Shi kuwa garin da wasu ke zubawa wai ya toshe yoyo, yakan haɗa da ƙananan hanyoyin radiyatar ya toshe.

Da allurar ta sauka ba a ga komai a waje ba, da sai a bar matsin ya kwana, a cire bujin ɗumama, a juya inji a ga silindar da za ta tofo ruwa. Wannan gwaji ba wasa ba ne a injin gazuwal: ruwa ba ya matsuwa, in ya taru a kan fistan yana iya lanƙwasa sandarsa.

An cire bututun hayaƙi, an canza faifan da maƙwabtansa, tunda ruwa ɗaya suka sha, aka wanke radiyata har ruwan ya fito garau. Da aka sake hura iska, allura ta tsaya cik na rabin awa. Washegari motar ta ɗauki lodi ta nufi Tebaram, yaron mota ya ɗaura jarkarsa a baya kamar kullum.