Takaba Ba Ta Hana Mace Bin Haƙƙinta

Da an yi sadakar bakwai, 'yan gaisuwa sun watse, sai matar mamaci ta ga abin da ke gabanta: cefane, kuɗin makarantar yara, haya, ga asusun marigayi a banki ba mai ikon taɓawa. Mata da yawa kan naɗe hannu har su gama takaba, wata huɗu da kwana goma, a zatonsu ba a maganar dukiya a lokacin. Kafin nan takardu sun yi ɓatan dabo, wani ƙanin miji ya hau babur, wani ya karɓe mukullin shago.

A mazhabar Malikiyya, mai takaba tana iya fita da rana don wata buƙata, ta dawo ta kwana a ɗakinta. In fitar ta yi mata nauyi, ta wakilta wanta ko mahaifinta.

Aikin farko shi ne tattara takardu: na fili da gida, rasit ɗin haya, littafin bashi na shago. A karɓo shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin banki da kamfanin fansho za su nema. Wayar marigayi a adana ta, a riƙa sa wa layin kati kada a rufe shi, saboda da shi aka haɗa asusun. Amma kada a ciri ko sisi da katinsa, ko da an san lambar sirri. Kuɗin ya zama na magada, ba a taɓa shi sai da takardar kotu.

Idan marigayin ma'aikaci ne, dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatarsa yi masa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba. Iyalai da yawa ba sa tambaya.

Kafin rabon gado, ta ware nata a gaban shaidu: kayan ɗaki, keken ɗinki, awakin da ta saya da kuɗin adashi. Sadakin da bai cika ba da rancen da ta ba shi bashi ne, ana biya kafin a raba. Rabonta tumuni ne in akwai ɗa ko 'ya, rubu'i in babu, kishiyoyi kuma su raba wannan kason a tsakaninsu. In dangi suka ce "a bari sai yara sun girma", ta nemi kotun shari'a ta ƙididdige dukiyar a rubuce, ta naɗa wa marayu wasiyyi.